Bangon da Inna Ke Ƙwanƙwasawa

Zuwa ga Ɗan Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara, da wannan bayan naka da kullum kake kuka da shi. Mu nan da sauƙi, sai dai Inna. Tarin nan na bara ya dawo tun damina ba ta ɗauke ba, wannan karon har da sarƙewar numfashi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Ka san gidan nan. Bulon da Baba ya gina shi da shi shekara arba'in da suka wuce ba ya riƙe sirri. In na ajiye almakashi a ɗakin ɗinki, Inna tana ji daga kan gadonta. Abin da zan gaya maka kuwa ba na so ta ji.

Likita ya zo ya duba ta. Bai daɗe a kan ƙirjinta ba sai ya miƙe, ya je ya ɗora tafin hannunsa a bangon da ke wajen kanta. Ya juyo ya nuna mini hannun, a jiƙe. Ya ja akwatin kayanta gefe, sai ga fumfuna baƙa ƙirin ta hau bango har gwiwar mutum. Ya ce zai ba da magani, amma aikin banza ne muddin a ɗakin nan za ta yi sanyin bana. Tsautsayi kuma ya sa Yaya yana tsaye a wurin, ya zo mana kwana biyu.

Ka san Yaya. Bai nemi shawarar kowa ba ya yanke hukunci: nan da mako bakwai zai zo da mota ya ɗauke ta zuwa gidansa, can hawa na uku a bene, inda babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Gidan nan a kulle shi, ni kuma in nemi shago a kasuwa. Sai da ya fita Inna ta ce mini, "Ubanku ne ya ɗora kowane bulo na ɗakin nan, ni ke miƙa masa ruwa. Ba zan fita daga cikinsa da ƙafata ba."

Na bi Yaya har bakin mota na gaya masa Inna ba ta zuwa ko'ina. Ya ce, "To ke za ki hana bango jiƙewa?" Na ce ni zan hana. Gaskiya na faɗa ne don kada ya tafi da maganar ƙarshe a bakinsa, amma ko ta ina ake farawa ban sani ba.

Shi ya sa na tuna da kai. Kawu ya ce aikinka ke nan a can, kuna sa wa tsofaffin gidaje wani abu ta ciki don kada sanyi ya ratsa. Ni yadda na fahimta, shafi ne irin wanda nake yi wa riga. In haka ne ba zai gagare ni ba, shekara ashirin ina sa shafi.

Ga yadda ɗakin yake, ko ka manta. Bango biyu suna kallon waje, ɗaya mai taga, ɗaya wanda kan gadonta yake jikinsa. Na uku shi ne mai ƙofa, yana kallon baranda ta cikin gida. Na huɗu shi ne tsakaninta da ɗakin ɗinkina, gefen gadon a jingine da shi. Shi take ƙwanƙwasa mini da cokali tun rasuwar Baba. In ta buga sau ɗaya, tana tambaya ne ko ina nan, sai in amsa da gindin almakashi. In sau biyu ne, in zo. A yini takan yi sau goma, har masu kawo ɗinki sun daina waiwaye.

Ka rubuto mini komai dalla-dalla, har da zane in za ka iya, ko da yake na san zanenka tun muna makaranta. Kuma don Allah ban da wa'azi, na ƙoshi da na Yaya.

'Yar Gwaggonka,
Tela

*

Tela,

Aminci ya tabbata a gare ku. Takardarki ta iske ni na dawo daga aiki fari fat da garin filasta, na karanta ta a tsaye ban ko wanke hannu ba. Muna lafiya. Bayan yana nan yana mulkinsa. Ki gaida Gwaggo, ki ce yaron da ta sha kora da tsintsiya daga kan katangarta yana yi mata addu'ar samun sauƙi.

Na yi dariya da maganar shafi, amma ba ki yi nisa da gaskiya ba. Sai dai ki riƙe wannan: ba a sa wa bango shafi yana jiƙe.

Ruwan da ke kama bango iri biyu ne. Akwai mai shigowa daga waje. Akwai kuma na cikin ɗaki, numfashin mutum da tururi, wanda ke sauka a jikin bango mai sanyi yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi. Aikinmu maganin na biyun ne. In akwai na farkon kika rufe shi, kin ɓoye ciwo ne kawai, nan da shekara katakon zai ruɓe, fumfunar ta dawo ta inda ba za ki gan ta ba.

Saboda haka ki fara zagayawa bayan gida. Ki duba bututun da ke sauke ruwan rufi, ko ya toshe ko ya fashe. Ki duba shafen siminti, duk inda ya tsage a cike shi. In ƙasa ta taru a gindin bango, a kwashe ta. Bayan nan ki koma ciki, a kankare fumfunar da fentin da ya kumbura, a wanke, a bar taga a buɗe bango ya sha iska mako biyu cur. Na san ki da gaggawa, amma bulo ba ya jin tsawa.

Kafin ki taɓa komai kuma, a fitar da Gwaggo. A nan Yaya yana da gaskiya, ko za ki ji haushi sai na faɗa: ƙirjinta ba zai ɗauki zaman wurin nan ba.

Ki nemi kafinta mai haƙuri, wanda za ki yi masa faɗa bai ajiye guduma ya tafi ba. Ku je wurin masu kayan gini ku tambayi abu huɗu: katako busasshe da aka shafa wa maganin gara, audugar gini mai ruwan ɗorawa wadda ke sa ƙaiƙayi, leda mai kauri, da allon filasta. Sannan ki aiko mini da awon kowane bango. Da tef ɗin ƙarfe za a auna, ba wannan naki na wuya ba, wanda ya miƙe tun ina ƙasar. In na ga awon zan rubuto miki wane bango za a rufe da yadda za a bi. Kada ki yi gaba ba tare da ni ba.

Ga zanen da kika nema. Abin da ya yi kama da kifi, taga ce.

Naki,
Ɗan Kawu

*

Ɗan Kawu,

Ina gaisuwa, tunda wajibi ce. Inna tana nan, tarin yakan lafa da safe ya tashi da yamma.

Sau uku na karanta layin nan naka. A fitar da Gwaggo. Yaya yana da gaskiya. Ashe ya riga ni zuwa wurinka, ni ina nan ina ɓata tawada. Maza biyu, ɗaya a hawa na uku ɗaya a ƙasar wasu, sun haɗa kai sun gano abin da ya dace da matar da ni nake yanke wa farce, ni nake shafa wa man zafi a ƙafa. Na ji ciwon abin nan ƙwarai, domin kai kaɗai na zata za ka tsaya a bayana.

To ka ji da kyau, ka kuma isar wa abokin shawararka. Ba za a fitar da ita ba. Katifarta ma da kaina na ja zuwa ɗakin ɗinki, saboda ƙurar kankara, ba don wani ya ce ba. Tana kwance a bayana yanzu haka, tana gyara mini yadda ake riƙe biro.

Bututun ruwan kuwa na duba. Da kaina na hau tsani, unguwa ta fito kallo. Maƙwabciyarmu ta riƙe haɓa tana cewa mace a kan tsani, na ce mata ko ta riƙe mini ƙafarsa ko ta matsa daga ƙarƙashi. Ta riƙe. Bututun a cushe yake da ruɓaɓɓen ganye, a can ƙasan ganyen kuma wata tsohuwar ƙwallon roba ta zauna daram a maƙogwaronsa. Duk ruwan da aka yi, a bayan bangon Inna yake malala. Ban san ko ta waye ba, amma na san wani yaro da ba shi da aiki sai buga ƙwallo a rufin gidan nan.

An cike tsagar, an kwashe ƙasar, na kankare fumfunar har hannuna ya yi kanta. Yau kwana shida bangon yana shan iska, launinsa ya fara komawa na bulo.

Na samu kafinta, tsohon nan na bakin layi da ya yi aiki da Baba. Ya ce ya taɓa yi wa wani ɗakin ajiyar magani irin wannan aikin, ya san yadda ake jera katako da auduga da leda. Kunnensa ɗaya ba ya ji, saboda haka faɗana rabi yake samu, mun dace da juna.

Awo ba zan aiko ba. Ka riƙe kifinka. Kada ka wahalar da kanka da kiran waya, ba zan ɗauka ba sai na gama. Saura mako huɗu Yaya ya zo, zai tarar da ɗakin da ko shi bai kwana a irinsa ba.

Tela

*

Tela, sarauniyar gardama,

Ina gaishe ki, da Gwaggo, da tsani, da maƙwabciyar da ta riƙe shi. Mu lafiya lau, ƙaramin ne ya yi zazzaɓin haƙori ya warke.

Daga ɗakin na ce a fitar da ita, baiwar Allah, daga ɗakin, har a gama kankara da yanke-yanke. Abin da kika yi ke nan da hannunki kina zagina. Rabon da in yi magana da Yaya tun sunan ɗiyata ta biyu. Ina bayanki, kuma tun ranar da na karanta takardarki ta farko nake bayanki. Na kira sau shida in gaya miki haka.

Ƙwallon tawa ce. Ja ce mai ɗigon fari, na yi kuka kwana biyu da ta ɓata. Ban san ni na jiƙa wa Gwaggo bango shekara da shekaru ba. Ki nema mini gafara a wurinta, amma ki bari sai ta ci abinci.

Tunda kin hana ni awo, ga aikin a taƙaice. A kafa katako a tsaye, inci ashirin da huɗu tsakani. A cusa auduga ta cika ko'ina, amma kada a danne ta, iskar da ke cikinta ita ce ke tare sanyi. A shimfiɗa leda a kanta ta ɓangaren ɗaki, duk inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya a kan ɗaya a liƙe da salatif, sannan a buga allo. Mai gyaran wuta ne zai jawo soket, ba ke ba, ba kafinta ba. Ramin iskan da ke saman taga a bar shi a buɗe. Ki sa safar hannu da takunkumi.

Yanzu ga babbar magana, ki karanta ta sau uku kamar yadda kika karanta waccan. Bango biyu kawai za a rufe, masu kallon waje. Mai ƙofa da na tsakaninku ba sa ganin sanyi, babu abin da za su tare. Na tsakaninku musamman, kada ki taɓa shi. Audugar nan yadda take shanye sanyi haka take shanye sauti. A nan mukan sa ta ne tsakanin maƙwabtan da ba sa son jin motsin juna. In kika rufe shi, cokalin Gwaggo ba zai iso gare ki ba, ita kuma ba za ta sani ba, domin allon yakan yi ƙara sosai a ɗakin wanda ya buga.

Ki amsa mini ko da layi biyu ne, ko da zagi ne.

Ɗan Kawu

*

Ɗan Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri, yau kam da zuciya ɗaya. Ina fata iyali suna lafiya. Inna da sauƙi sosai, yanzu za ka ji.

Shiru ka yi mini ko? Tun takardar da na yi maka faɗa a cikinta ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Kiranka na gani, da gangan na ƙi ɗauka. Na ce sai na zo maka da labari, ga shi na zo: an gama.

Kwana huɗu muka yi ni da kafinta. Shi yana kafa katako, ni ina yanka auduga, don na ga yankansa ba ya bin layi. Abin nan akwai ƙaiƙayi, har yau wuyana bai huce ba. Ledar kuwa ni na jera ta, na ɗora baki a kan baki na liƙe yadda ko allura ba za ta samu hanya ba. Mai gyaran wuta ya zo ya yi nasa, ya sha shayi kofi uku.

Sau ɗaya muka yi rigima da tsohon. Da muka gama bango biyu na waje ya fara haɗa kayansa, wai sauran ba sa buƙata. Na ce masa, "Baba kafinta, a ina ka taɓa ganin an yi wa riga shafi gaba da baya an bar gefe? Ai ta nan iska za ta shiga, kuma aiki ya fito rabi da rabi, Yaya ya samu abin nunawa da yatsa." Ya dube ni ya ce, "Ke da ubanki ba a ja da ku." Ya kwance jakarsa. Bango huɗu muka rufe, cif, na shafa fenti fari da hannuna.

Ɗakin ya ragu da yatsa huɗu ta kowane gefe, gadon ya shiga da ƙyar, amma ya shiga. Yau kwana biyar da mayar da ita. Da safe nakan je in ɗora hannu a bango kamar yadda likita ya yi, a bushe yake ƙayau, babu wannan sanyin mai shiga ƙashi. Shi ma likitan ya dawo, ya taɓa, ya saurari ƙirjinta, ya ce wa ya yi wannan aikin. Na ce tela.

Ka san abin da ya fi yi mini daɗi? Kwana biyar ɗin nan ko sau ɗaya ba ta ƙwanƙwasa ba. Matar da ke kirana sau goma a yini. Hutu ta samu, barcinta take sha a ɗumi. Ni ma na samu sarari, riga tara na ɗinka ban tashi daga kan keke ba. Ta ɗan rage magana, abincin ma ba ta cinyewa, in na tambaya sai ta ce lafiya lau. Na san baƙuntar sabon ɗaki ce, za ta saba.

Saura kwana goma. Yaya ya zo da motarsa, ya ƙara da ta maƙwabcinsa in yana so. Kai kuma na yafe maka, ko da ba ka nema ba.

Tela

*

Tela,

Allah ya sa kuna lafiya, yau ba ni da sararin doguwar gaisuwa. Takardarki ta zo ɗazu, na gane tawa ba ta iso gare ki ba. Na kira har batirina ya mutu.

Ki ajiye wannan takardar yanzu, ki shiga ɗakin Gwaggo ki bugi bangon tsakaninku, ki sa wani ya tsaya wajen kekenki ya gaya miki abin da ya ji. Ba hutu ta samu ba. Gwaggon da na sani ba ta yini ba ta taɓa bangon nan ba. Tana bugawa, ke ce ba kya ji. Kuma kin san ta, sai ta mutu da magana a ciki kafin ta tambaye ki dalili.

Ki cire allon yau.

Ɗan Kawu

*

Ɗan Kawu,

Sallama. Ina fata ƙaramin ya gama da haƙoransa, kai kuma ka daina kashe batiri a kaina. Inna tana lafiya, tana ɗakinta. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran a zaune.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, jiya, ta farkon duk ta yamutse kamar an zauna a kanta. Sun makara. Ga abin da ya faru.

Kwana tara da mayar da Inna ɗakin, da hantsi ina kan keke, sai na ji tsayuwar mota. Na leƙa, Yaya ne, saura kwana shida ranarsa ta cika. Na fito da tef a wuya, na shirya masa tsaf. Na ce, "Ranarka ba ta yi ba."

Ya ce, "Ba ni na sa wannan ranar ba. Inna ce ta aiko in zo, ta wayar maƙwabciya."

Na ce ƙarya ne. Ya wuce ciki, na bi shi.

Tana zaune a bakin gado, ta yafa mayafinta na fita, takalmi a ƙafa. Akwatinta a ɗaure da igiya. Ban san lokacin da ta haɗa shi ba. Matar da ta ce ba za ta fita da ƙafarta ba.

Na ce, "Inna, mene ne haka? Ɗakin ne bai yi miki ba?"

Ta ce, "Ɗaki ya yi. Allah ya yi miki albarka, kin yi iyakar ƙoƙarinki."

"To me ya faru?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kwana tara ina bugawa. Ranar farko na ce ƙarar keke ce ta cika miki kunne. Rana ta biyu na ce aikin ne ya gajiyar da ke. Daga nan na daina nema miki uzuri, na ba ki gaskiya. Shekara shida ana kiran mutum da cokali, ai dole ya gaji. Kina kawo mini abinci kina dariya, na ga kin samu sauƙi. Na ce gara in tafi tun muna ganin mutuncin juna."

Sai a lokacin na dubi bangon, daidai gefen matashinta. Fentin da na shafa ya farfashe, wuri kamar faɗin tafin hannu, duk ƙananan ramuka a jikin allon. Kullum ina shiga ɗakin nan sau biyar, ina taɓa bangon waje ina yaba kaina, ban taɓa duban wannan ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da Baba ya rasu.

Na ce wa Yaya ya ɗauki cokalin ya buga da ƙarfi, na ruga ɗakina na tsaya. Ko motsin ƙwaro ban ji ba. Na dawo na same shi yana ta bugu, ɗakin ya cika da ƙara.

Ban yi kuka ba, kada ka sa rai. Na kama hannun Inna na kai ta baranda na zaunar da ita a kujera. Ka ga, na fitar da Gwaggonka. Sannan na ɗauko tsohuwar gudumar Baba. Yaya ya tare ni, ya ce, "Kin haukace ne? Aikin da kika sha wahalarsa?" Na ce, "Ni na ɗinka, ni zan farke. Matsa." Na kafta wa allon guduma daidai wurin ramukan.

Ya tsaya yana kallona kamar minti goma, hannu a aljihu. Daga nan na ga ya cire agogo ya naɗe hannun riga. Shi ya ɓamɓare katakon, ni na ja leda da auduga. Bai sa safar hannu ba, ban kuma gaya masa ba. Kafin la'asar bulon Baba ya fito, da wani ɗan kwarmi a jikin shafen, wanda cokalin ya ci a shekara shida. Muka share, muka goge, muka bar ƙura ta kwanta, muka dawo da ita kan gado. Na sa mata cokalin a hannu, na ce, "Inna, buga ki gani." Na koma ɗakina na zauna.

Shiru. Na jira, na jira. Na san tana riƙe da shi, na kuma san ba za ta buga ba. Wanda ya yi kira kwana tara ba a amsa ba, ba ya yin na goma don an ce ya yi. Ina zaune sai wani abu ya faɗo mini: a shekara shidan nan, ko sau ɗaya ban taɓa fara bugawa ba. Kullum ita ke tambaya ko ina nan. Ni ban taɓa tambayar ko tana nan ba.

Na ɗauki almakashi na buga sau ɗaya.

Ta ja mini rai, ka san Gwaggonka. Har na fara tunanin in tashi, sai na ji cokali, sau ɗaya. Can kuma sau biyu. Na shiga da sauri. Ta miƙo ƙafa ta ce, "Cire mini takalmin nan, ya matse ni."

Yaya da kansa ya kwance igiyar akwatin. Kafin ya tafi washegari ya bi bango biyu na waje yana shafawa da hannu, yana neman laima, yana sosa wuya. Bai samu ba. Ya ce in tarin ya dawo zai dawo. Na ce ya dawo mana, gidan ubansa ne, amma kujerar bayan motarsa haka za ta riƙa komawa babu kowa a kanta. Sanyi ya shigo sosai kwana ukun nan, Inna ko tari ɗaya.

Ba zan ce ka fi ni gaskiya ba, takardarka ce ta makara, wannan kuma ba laifina ba ne. Bangon ƙofa na bar shi da shafinsa, ba ya cutar da kowa. Ka rubuto mini yadda ake rufe bakin allo a kusurwar da ya haɗu da bulo tsirara, don na bar shi kaca-kaca kuma idona ba ya son ganin ɗinkin da ba a kalmashe ba. Ƙwallonka tana kan taga. Na gaya wa Inna, ta ce ka zo ka karɓa da kanka, tsintsiyarta tana nan.

Bari in ajiye biro haka. Hantsi ya yi ban buga mata ba, kuma yanzu ni ce ke farawa.

'Yar Gwaggonka,
Tela